Kayan da Asu Ya Ƙi Ci

A Minna ruwa ba ya ɗaukewa da wuri. Sai Kano da Katsina sun gama da gero sun fara jiyo iskar hunturu, mu nan hadari na ta haɗowa har cikin Oktoba. Wata shida ko fiye ɗaki yana shan danshi. Bango ya yi gumi, takalmin da aka manta a ƙarƙashin gado ya yi funfuna, ashana ta ƙi kamawa. Shi ya sa a da, da zarar sama ta washe aka tabbatar damina ta yi sallama, akwai aikin da kowane gida a Limawa da Kwangila da Ƙetaren Gwari ya san lokacinsa ya yi ba sai an yi shela ba: a fito da adaka tsakar gida, a zazzage ta, a shanya duk abin da ke cikinta.

Bana na ratsa unguwannin nan a ƙarshen damina, idona na kan igiyoyi da katangu. Wanki na gani, irin na kullum: kayan makarantar yara, hijabai, rigunan ƙwallo masu sunayen 'yan wasan Turai a baya. Ban ga bargon ulu a baje kan katanga ba, ban ga alkyabba tana shan rana ba, ban ga tsohuwa zaune kan kujera 'yar tsugunno tana gadin dukiyarta da sanda saboda awaki ba. Na tambayi kaina yaushe rabon da in ji wani yana salati don asu ya ci masa riga. Na kasa tunawa.

Adakar kakata, wadda muke kira Iya, ta ƙarfe ce, baƙa, da zanen furanni da suka koɗe, da kwaɗo a gaba wanda makullinsa ba ya rabuwa da bakin zaninta. Sai mutum biyu ke kinkimarta. In aka ɗaga murfin, kafin ido ya ga komai hanci ne ke fara gaisawa da ita: kafur, da tsohon turaren wuta, da wani wari na rufaffen wuri. A sama zannuwanta ne na fita unguwa. Can ƙasa kuwa kayan marigayi kakanmu ne, wanda aikin jirgin ƙasa ya kawo shi garin nan: kwat ɗin aiki mai kauri da maɓallan ƙarfe, bargon ulu ruwan toka, jar dara, da babbar riga guda mai aikin tsamiya wadda ban taɓa ganin kowa ya sa ba. Buzunsa na salla ba ya shiga adaka, a rataye yake a ƙusa, amma ranar shanya shi ma sai ya fito.

"Kai maigida, ba kaɗawa na ce ka yi ba, kakkaɓewa na ce," haka take ce mini, da yake ni ne mai sunan mijin nata. "Bi ninkin da hannunka. Ɓarawon a ninki yake kwana."

Wata shekara muka same shi a jar darar. Ta waje lafiya lau take. Da Iya ta juya cikinta, sai ga wani wuri kusa da baki inda gashin ya kwashe ya bar fili sumul, da ƙananan huji a jere, da wasu siraran hanyoyi na farar yana manne da jikin hular. Da ta buga ta a tafin hannu sai wani gari ya zubo, ƙwaya-ƙwaya, ja jawur, don kashin tsutsar yakan ɗauki launin abin da ta ci. Can cikin yanar wata 'yar farar tsutsa mai jan kai ta motsa. Iya ta murƙushe ta da farce, ta yi tsaki, ta yi shiru na ɗan lokaci. Ba don hular ta yi shirun ba, wannan ko a lokacin na gane.

A gidanmu duk abin da ya huda tufa a ɓoye asu ne, har da ɗan ƙwaron nan mai sheƙin azurfa da ke gudu in an buɗe tsohon littafi, alhali shi sitaci da takarda yake bi. Asu na ainihi ɗan'uwan malam-buɗe-littafi ne, ƙarami ƙwarai, tsawonsa bai wuce milimita 6 zuwa 7 ba, fukafukansa ruwan zinariya mai duhu. Ba ya son haske. Waɗanda ke rububin fitila da dare ba su ba ne; shi in ka buɗe akwati gudu yake ya shige lungu. Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne mai fukafukin ba ya cin komai, bakinsa ma bai kai na cin abinci ba. Aikinsa ya yi barbara, macen ta zuba ƙwai masu yawa a jikin tufa, su mutu. A wuri mai ɗumi ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin kwana 4 zuwa 10, tsutsar da ta fito ita ce mai ɓarnar. In ta sami abinci da danshi, cikin wata guda da 'yan kwanaki ta gama girma. In wuri ya yi mata tsauri tana iya jan rayuwa har shekara biyu a cikin akwati tana jira.

Abincin nata kuwa shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa. Akwai wani sinadari mai tauri da ake kira keratin, wanda da shi Allah ya yi gashi da farce da kofato da ƙaho da gashin tsuntsu. Kura ma, da ke taune ƙashi, amayar da gashi take yi. Halittun da cikinsu ke iya narkar da shi kaɗan ne, tsutsar asu na cikinsu. Don haka tun kafin ɗan'adam ya saƙa bargo, asu na da sana'arsa: sheƙar tsuntsu, ramin dabba, ragowar mushe bayan ungulu da kura sun gama sun bar fata da gashi. Wanda ya taɓa ganin tsohon ƙahon sa da ya daɗe a yashe a daji, ya fitar da wasu 'yan bututu masu launin ƙasa a jikinsa, to aikin wani ɗan gidan su asu ya gani, wanda masana ke kira Ceratophaga vastella, kuma a Afirka yake. Dangin gaba ɗaya sun haura iri 3,000, yawancinsu ba ruwansu da tufa. A tsibiran Hawayi da Fiji da Samowa da na Karibiyan akwai ƙananansu da ke rayuwa a busasshen ganye da ruɓaɓɓen itace da ɓawon rake, ba mai kula da su, kuma da yawansu jiragen ruwa ne suka yi ta yawo da su cikin kaya daga wannan gaɓa zuwa waccan. Masu shara ne. Mu ne muka kwashi gashin tumaki muka ninke muka kulle a wuri mai duhu, sannan muka kira mai sharar ɓarawo.

Minna kuwa gari ne da kaya suka gina. Layin dogo na Baro zuwa Kano ya isa Kano a 1911, a Minna kuma aka haɗa shi da wanda ya taso daga Ikko, ƙauyen Gwarawa ya zama mahaɗar jirage. Fatu da ƙiraga da gyaɗa da auduga suka riƙa gangarawa kudu, dilolin barguna da mulufi da kakin ma'aikata suka riƙa haurowa. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 garin ya zama babban birni, sai ga ma'aikatan gwamnati da kwat ɗinsu na ulu, wanda ake sa wa ranar taro a sha gumi a cikinsa, a dawo a rataye shi sai wata shekara. A ganina asu bai taɓa shan romo a ƙasar nan kamar a waɗannan shekarun ba. Talaka mai taguwa ɗaya ta auduga da yake sawa kullum ba shi da abin da asu zai ci. Cutar masu ajiya ce.

Dokokin Iya ba su da yawa, amma ba ta yafe ko ɗaya. Tufar da aka sa, ko sau ɗaya ne, ba ta komawa adaka sai an wanke. Ranar shanya ita kanta adakar a buɗe take wuni a rana har ƙarfen ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Kafin a mai da kaya sai ta shimfiɗa busasshen ganyen dogon yaro a ƙasa, ta ƙulla kanumfari a ƙyalle ta cusa a lungu, sannan kafur ya biyo baya. Ba ta san dalili a irin yadda littafi ke faɗa ba, amma littafin bai ƙaryata ta ba. Gashi tsantsa ba ya wadatar da tsutsar, tana bukatar abin da gumi da maiƙo da ɗigon miya suka bari, shi ya sa take fara ci daga wuya da hammata. Auduga ma da ba abincinta ba ce, in ta yi datti takan huda ta. Ƙwan kuma ba shi da ƙwari, kakkaɓewa na zubar da shi, zafin rana na kashe tsutsar. Masu kula da kayan tarihi a gidajen adana su yanzu firinji suke sa tufa, ta yi mako guda ko fiye a sanyin da ya wuce na ƙanƙara nesa. Firinjin da zai riƙe irin wannan sanyi mako guda ba ƙyaftawa a unguwarmu, wannan wata magana ce. Rana dai ba a ɗauke ta.

Rigar tsamiyar nan na daɗe ban san asalin zarenta ba. Ashe shi ma tsutsa ce ke yin sa, ta wani babban ɗan'uwan asu da ake kira Anaphe. Tsutsotsin sukan taru da yawa su saƙa gida ɗaya babba a jikin bishiya su kwanta a ciki. Mutane su ɗebo gidan, a dafa shi da ruwan toka har danƙon ya saki, a wanke, mata su kaɗa shi da mazari. Zaren ba ya sheƙi irin na alharinin kanti, launinsa tsakanin fari da ƙasa-ƙasa, amma yana da ƙarko. Yarabawa suna saƙa shi su kira tufar sanyan. A nan Arewa da shi ake yi wa manyan riguna aiki, aska biyu ko aska takwas, kuma malaman Nufawa na Bida sun yi suna a wannan ɗinki. Riga ɗaya takan ci watanni a hannun maɗinki. Ƙwaro ya saƙa zaren, mutum ya ari aikinsa na wasu shekaru, wani ƙwaron ya zo karɓa. In ka dubi tufafin da ke cikin adakar Iya, babu wanda ba daga mai rai ya fito ba: tunkiya, tsutsa, gonar auduga, baba na rini.

Yanzu mu leƙa abin da ke cikin durowar kayanmu ta yau. A 1941 wasu masana biyu a Ingila suka fito da zaren foliyesta, wanda asalinsa man fetur ne, kuma sinadarinsa ɗaya da na gorar ruwan roba. A yau fiye da rabin duk zaren da duniya ke sarrafawa shi ne, ulu kuwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari ba. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007, kaya suka riƙa kwararowa daga Sin ta Kantin Kwari zuwa kowace kasuwa. Shiga kasuwar Kure ka shafa yadudduka: mai kama da shadda, mai kama da boyel, mai kama da ulu, yawancinsu roba ce ko gauraye da ita. Bargon da ake kai wa amarya yanzu, mai laushin nan da zanen damisa, babu gashin dabba ko sili ɗaya a jikinsa. Darduma ta roba ta kori buzu daga masallaci. Tsutsar asu in ta faɗo kan irin waɗannan, yunwa ce za ta kashe ta.

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, in ji masu magana, amma bara ɗin ma sai a tuna ta da gaskiya. Zamanin da nake yabon adakarsa zamani ne na ƙarancin sutura. Yara nawa ne a unguwarmu suke wuni da ɗan kamfai kaɗai, har cikin hunturu, leɓe a fashe, suna kakkarwa a bakin murhun mai ƙosai? Rigar Salla ita ce rigar shekara, a ɗinka ta da girma don ta kai baɗi. Akwai matar da ba ta zuwa suna sai ta aika maƙwabta aron mayafi, kowa kuma ya san mayafin na wane ne, ga shi an ce kayan aro ba ya rufe katara. Yau ɗan acaɓa na da rigar sanyi mai hula daga gwanjo, almajiri ma kan samu. Mace mai ƙaramin ƙarfi tana fita biki cikin anko ba a bambanta ta da matar mai kuɗi sai an matso kusa. An ce araha ba ta ado, amma na ga ta rufa wa mutane da yawa asiri, kuma rufin asiri ya fi ado. Aikin shanyar nan da nake jin daɗin tunawa, ni kallo da kakkaɓa kawai nake yi. Wanki da guga da ninki da ɗaukar adaka a kan matan gida yake, a kan sauran ayyukan da ba a rage musu ba.

Sai kuma kafur. Ƙamshinsa a hancina ƙamshin Idi ne, don da safiyar Salla sahu gaba ɗaya shi yake tashi. Amma farar ƙwayar da muke saye ba kafur na itace ba ce, naftalin ce, da ake samu daga kwaltar gawayin ƙasa ko daga fetur. Tana narkewa ta zama iska, iskar ce ke kashe ƙwaro, mu ma ita muke shaƙa. A cikinmu akwai mutane da yawa, galibi maza, da aka haifa da ƙarancin wani sinadari na jini da likitoci ke kira G6PD, abin gado ne kuma ya yawaita a ƙasashen da ke fama da zazzaɓin cizon sauro. Mai irin wannan jini in naftalin ta shige shi, jajayen ƙwayoyin jininsa fashewa suke yi. To ka tuna yadda ake yi wa jariri tanadi: mai ciki ta tara 'yan riguna da zanen goyo da hula tun watanni kafin haihuwa, ta zuba musu kafur don ƙauna, ranar da aka haihu a ciro su a naɗe jinjiri ba tare da an wanke ba. Kwana kaɗan idonsa ya yi ɗorawa, a ce shawara ce, a shiga jiƙe-jiƙe. Wani ya tashi, wani abin ya taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada, wani a rufe shi kafin suna. Likitocin yara a Najeriya sun daɗe suna kashedi a kan wannan, Tarayyar Turai kuma ta hana sayar da irin wannan kafur tun 2008. Banda yaran da suka tsince shi suka jefa a baki suna zaton alewa ce. Iya da ta san haka da ba ta bar shi ya kwana a gidanta ba. In raguwar asu ta rage wannan ƙwaya a cikin kayan jarirai, ni ban ga abin kuka ba. Sai dai har yanzu tana nan a tiren 'yan koli, har da masu launi-launi, ana saye don kyankyaso da bayan gida, wasu iyayen kuma ba su daina zuba ta a kayan haihuwa ba.

Kada kuma a ɗauka asu ya ƙare. Dubi bangon bayan gida ko lungun da tsintsiya ba ta kaiwa a ƙarshen damina. Za ka ga wani ɗan abu ruwan toka, shafaffe, mai faɗi a tsakiya da tsini a kai biyu, kamar ƙwayar agushi, manne da bango. In ka yi haƙuri ka tsaya, sai wani ɗan baƙin kai ya leƙo ta gefe ɗaya ya fara jan gidan sama a hankali. Taɓa shi, ya koma ciki, jim kaɗan ya leƙo ta ɗaya gefen, don ƙofa biyu gare shi kuma faɗin tsakiyar ya ishe shi juyawa. Tsutsar wani asu ce, daga zuriyar da ake kira Phereoeca, wadda danginta suka bazu a ƙasashe masu zafi da danshi har tsibiran Kanari da Hawayi. Da yawunta take saƙa gidan, ta lulluɓe shi da yashi da ƙura da ɓurɓushin bango. Abincinta tsohuwar yanar da gizo-gizo ya bari, da gawar ƙananan ƙwari, da gashin da ya zube wajen taje kai. Yara suna ɓanɓare shi da tsinke ba su san sunansa ba. Asu ya koma sana'arsa ta asali, in ya tsira daga fiya-fiyar da muke fesawa, wadda ita ma guba ce da ta sa hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabenta a kasuwanni a 2019.

Abin da ya tafi tare da shanya ba ƙwaron ba ne, wani irin zama ne da kaya. Ranar ce kaɗai a shekara da ake fito da tarihin gida a baje shi a rana. Kowace tufa sai an ba da labarinta: wannan zanen da shi aka kai ni ɗaki, wannan bargon shekarar da aka yi masa canjin tasha ya saya, wannan hujin tartsatsin gawayin jirgi ne ba asu ba. Daga bakin Iya a irin wannan rana na san sunayen mutanen da ban tarar ba. Tufa a lokacin dukiya ce da ake lissafawa a rabon gado tare da gona da tumaki, ana jinginar da ita in ta ɓaci, ana yi mata ciko da maho. Da Iya ta rasu aka buɗe adakar, babu wanda ya miƙa hannu ga rigar tsamiyar. Ta yi nauyi, ta yi zafi, ba a yayinta. Tana hannun wani kawunmu cikin jakar leda mai zif, adakar kuma 'yan gwangwan sun auna ta a sikeli.

Sabuwar tufar ma tana karɓar kuɗinta ta wata hanya. Wanda ya sa yadin roba ya tsaya jiran mota a shataletalen Mobil cikin watan Maris ya san abin da nake nufi: gumi ba ya fita, iska ba ta shiga, ƙuraje su feso wa yara a wuya da baya. In tartsatsi ya faɗa mata a bakin murhu narkewa take yi ta manne da fata. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarshenta. A da tufa tana da hanyar da take bi har ta ɓace. Riga ta zama ta ƙane, ta zama tsumman goge-goge, ta zama gammo ko lagwanin fitila, ta faɗa juji. A juji gara da asu da danshi su gama da ita, manomi ya kwashe jujin da rani ya kai gona, ta dawo a doya ko dawa. Yau manoman da ke kewayen gari in sun kwashi juji sai sun zauna tsince leda da ƙyallaye, abin da ya kuɓuce musu kuma fartanya za ta yi ta tono shi shekara da shekaru da launinsa. Leƙa manyan magudanan ruwa na Kpakungu ko Tunga bayan ruwan farko: tare da ledar ruwa da gorar lemo akwai tsummokara a nannaɗe, sun toshe bakin kwalbati, ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakunan mutane. Teloli kuma buhu-buhu suke tara ƙyallaye, in ya ishe su a cinna musu wuta a bayan shago, baƙin hayaƙi ya tashi, abin da ya rage ya dunƙule ya zama baƙin ƙulli mai tauri da ko akuya ba ta sansana.

Tsofaffin 'yan yadi suna da gwajin da suke yi da ashana, har yanzu akwai masu yi. A zaro zare ɗaya daga bakin yadi a kusanta shi da wuta. Ulu da alharini ƙaurin gashi suke yi, su bar toka mai murƙushewa a yatsa. Auduga ta ci da sauri da warin takarda. Roba kuwa ja da baya take yi daga wutar, ta narke, ta bar ɗan ƙwallo mai tauri. Kafin Sallar da ta wuce wani dattijo a kasuwar Kure ya yi mini wannan gwaji a kan yaduka biyu, bai ɓoye mini komai ba. Na auduga zalla kuɗinsa ya ninka na ɗayan har da ɗori, ni kuma yaran gida da na ƙannena duk a wuyana suke.

"Baba, wannan mai arahar, asu fa?" na tambaye shi.

Ya yi dariya har da buga cinya. "Alhaji, wane asu? Wannan ko gara ta gan shi kaucewa take yi. Ba ya koɗewa, ba ya yamutsewa, ko guga ba ya so. Sai dai yaro ya gaji da shi."

Na sa ya yanka mini na yara duka a cikin mai arahar, na ce ya ƙara mini ragi tunda da yawa na saya.